Masu Sanda a Gaban Badujala

A tsoffin hotunan 'yan matan Amurka masu juya sanda a gaban badujala, da wuya ka ga sandar a sama. Ga shi kuwa duk sunan da suka yi, a kan cilla ta suka yi shi. Yarinya za ta wulla sanda ta wuce tsayin rufin gida, ta juya sau biyu a kan ƙafa ɗaya, ta cafe ta ta bayanta, takunta bai saɓa wa ganga ba. Amma ka jera hotunan shekarun 1930 zuwa na 1950 ka duba. Kusan kowacce a tsaye take cak, ta ɗaga gwiwa ɗaya, hannu ɗaya a ƙugu, sandar tana kwance a damtsenta ko ta ɗaga ta ta riƙe gam.

Dalilin yana wajen kyamara. Irin akwatin hoton da iyalai ke da shi a lokacin, su Brownie na kamfanin Kodak da ya fara fitowa a 1900 a kan dala 1, idonsa ba ya ƙiftawa da sauri. Duk abin da ya motsa sai ya fito dishi-dishi. Fim ɗin kuma hoto 8 ko 12 yake ɗauka, sai an kai an wanke, an biya kuɗi, kafin a san abin da aka samu. Uwar da ke riƙe da kyamara ba za ta yarda ta yi asarar ko guda a kan sandar da ke shawagi ba. Sai ta ce wa 'yarta ta tsaya, ta fuskanci rana, kada ta motsa. Saboda haka tsayuwar ce ta iso gare mu, gwanintar kuwa ta tsaya can a kan titi tare da waɗanda suka gani da idonsu. Jefi-jefi akan ci karo da hoton da yarinyar ta kasa haƙuri ta fara juyawa, sai ka ga fuskarta tas, hannunta kuma ya ɓace cikin wata farar da'ira. Masu hoton wataƙila sun ɗauke shi ɓatacce. Ni kam irinsu na fi daɗewa ina kallo, domin su kaɗai ke nuna abin da aka taru a gani.

Ita sandar asalinta ta soja ce, kuma ba don wasa aka yi ta ba. Rundunonin Turai tun ƙarnoni da suka wuce suna da wani hafsa mai kula da makaɗa, shi ke shiga gaba idan ana maci. Murya ba ta ratsa ƙarar ganguna da begila, sai aka ba shi doguwar sanda mai ƙaton kan ƙarfe, aka sa masa doguwar hula don na can baya su hango shi. Ya ɗaga sanda sama, a shirya. Ya sauke ta da ƙarfi, a fara ko a tsaya. Ya nuna dama da ita, layi ya karya dama. Mu ma mun gaji wannan mutum daga Turawan Ingila. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon fareti ranar 1 ga Oktoba ko 27 ga Mayu ya ga jagoran badujala da ɗamararsa mai ado saɓe daga kafaɗa zuwa ƙugu, yana taku da sandarsa, yara suna bin sa ta gefen fili. A wajenmu dai sandar ta zauna a hannun namiji mai kaki. A Amurka ne ta fita daga bariki ta shiga makaranta, daga nan ta sauya hannu.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, mabusa da makaɗan soja da yawa sun koma gida suna neman abin yi, makarantu suka ɗauke su koyarwa. Kamfanonin ƙera kayan busa, irin su Conn na garin Elkhart a jihar Indiyana, suka hango kasuwa, su ne ma suka ɗauki nauyin gasar badujalar makarantu da aka yi a Shikago a 1923. Kafin a jima, ƙaramin gari ma da ba shi da komai sai titi ɗaya da shagon magani yana da badujalar sakandare. A shekarun 1930 'yan mata suka fara fitowa gabanta. Aka rage wa sandar tsawo da nauyi har ta koma siririn ƙarfe daidai tsawon hannun mai ita, da roba a kowane baki, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Wannan ba ta ba da umarni. Shi ya sa idan ka ga hoton rukuni za ka iya rarrabe su ba tare da an gaya maka ba: mai doguwar sanda da usur a wuya shi ne jagora, masu gajerun sanduna a gefensa su ne majoret. Zuwa 1947 abin ya yi yawan da har aka kafa masa ƙungiya ta ƙasa a garin Janesville na jihar Wisconsin, ƙarƙashin Don Sartell, aka shiga shirya gasa da ba da lambobi.

Akwai wani irin hoto da ya fi kowanne yawa a cikinsu, kuma shi ya fi cancantar a matso kusa a duba. Ba a filin fareti aka ɗauke shi ba, a ƙofar gida ne. Yarinya mai kimanin shekara 15 tana tsaye a kan ciyawa, bayanta matakalar baranda da tukunyar fure. Kayanta kayan soja ne da aka yanka daidai jikinta: aninai layi biyu a ƙirji, igiyoyin ado a tsakaninsu, geza a kafaɗa, doguwar hula mai gashin tsuntsu da maɗauri a ƙarƙashin haɓa. Farin but ya kai rabin ƙwauri, kowanne da tuntu yana lilo a gaba. Ka duba ɗinkin da kyau, sau da yawa na gida ne, domin makaranta ba kullum take da kuɗin saye ba, uwa ce ta zauna a kan keke ta haɗa. Idon yarinyar a ƙanƙance yake, ba don fushi ba. Shawarar da ake bai wa masu kyamara a wancan zamani ita ce su sa rana a bayansu, ke nan wanda ake ɗauka shi rana ke dukan fuskarsa. Wannan shawara ce ta haifar da abin da na fi so a irin waɗannan hotuna. A ƙasan hoton, a kan ciyawa, ga inuwar mai ɗauka ta miƙe har ta taɓa takalmin yarinyar. Gwiwoyin hannu a buɗe, kai a sunkuye, domin ana riƙe akwatin ne a ciki a leƙa ta sama. Wani lokaci inuwar da hular maza, wani lokaci da faɗin siket. Babu wanda ya yi niyyar shiga hoton, amma uba ko uwa sun shiga, kuma su ne shaidar cewa a wannan gida ranar babba ce.

Abin da hoton bai nuna ba shi ne watannin da suka gabace shi. Sandar ƙarfe ce, idan ta kuɓuce a goshi take sauka, ko a haƙori, ko a yatsa. Wanda ya taɓa ganin budurwa tana daka ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe ba tare da ta ɓata wa abokiyar dakanta lugude ba, ya san wannan ba a rana ɗaya hannu ke koyon sa ba. Haka su ma, bayan gida suke shafe yamma suna jefawa suna tsinta, har hannu ya san inda tsakiyar nauyin sandar yake ba sai ido ya duba ba. Waɗanda suka ƙware sukan kai ga sanda biyu a lokaci guda, wasu har da mai wuta a baki biyu, wadda ake kunnawa da dare bayan an kashe fitilun filin wasa.

Hoton da ya fi shahara a wannan fanni kuwa ba mace ce a gabansa ba, kuma ba iyali suka ɗauka ba. A 1950 mujallar Life ta aika Alfred Eisenstaedt garin Ann Arbor ya ɗauko mata badujalar Jami'ar Mishigan, wadda William Revelli ke shugabanta tun 1935. Eisenstaedt Bajamushe ne da ya bar ƙasarsa a 1935 saboda mulkin Hitila, yana kuma cikin masu ɗaukar hoto huɗu na farko da mujallar ta fara da su a 1936. Ƙaramar kyamarar Leica yake yawo da ita, wadda idonta ke da saurin da Brownie ba ta da shi. Kamar yadda ya riƙa ba da labari daga baya, ya hango jagoran badujalar yana gwajin takunsa shi kaɗai a fili, sai wani ɗan yaro ya bi bayansa a guje, sauran 'ya'yan malaman jami'a da ke wasa a wurin suka bi yaron, shi kuma ya bi su duka da kyamara.

A hoton, jagoran ya gantsare baya, ƙirji a sama, ya harba ƙafa ɗaya gaba miƙe sar, doguwar hula a kai, sanda a hannu. A bayansa yara sun yi layi, maza da mata, kowa yana ƙoƙarin yin abin da ya ga an yi. Babu wanda ya yi daidai. Wannan ƙafarsa ta tashi amma gwiwa a lanƙwashe, wancan ya gantsare har yana neman faɗuwa, wata dariya ta ci ƙarfinta. Babu ganga, babu ƙaho, babu 'yan kallo. Idan ka rufe yaran da tafin hannunka, abin da zai rage saurayi ne da ke aikinsa da kyau, irin hoton da ake sawa a littafin makaranta a manta. Yaran ne suka sa ake ta buga shi har yau. Sai kuma ka lura da wani abu: shi fuskarsa gaba take kallo. Duk wannan murna a bayansa take faruwa.

Haka aikin yake ko a ranar fareti ta gaske. Mutum ɗari suna biye da kai da ganguna da ƙahoni, amma kai kaɗai ne ba ka ganin su. Da kunne kake sanin ko layi ya miƙe, da amana kake ɗaga sanda cewa idanu suna kanta. Masu juya sanda ma haka, bayansu suke bai wa badujala. Wanda ke kallon hoto yana ganin abin da wanda ke cikin hoton bai taɓa gani ba, wato kansa tare da jama'arsa. Ina jin wannan na cikin abin da ya sa iyalai suka damu su ɗauka su adana, don a nuna wa yarinya daga baya yawan mutanen da ke tafe a bayanta.

Wannan badujala ta Mishigan da Eisenstaedt ya ɗauka, duk maza ne a cikinta, kuma haka ta zauna har 1972. Ta Jami'ar Jihar Ohayo, wadda jagoranta ya yi suna wajen gantsarewa baya har gashin hularsa ya taɓa ƙasa, sai 1973 ta karɓi mata. A 1972 ɗin ne Amurka ta kafa dokar da ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya bambanta mace da namiji. A shekarar karatu ta ƙarshe kafin dokar, 'yan matan da ke cikin wasannin motsa jiki na sakandare a duk ƙasar ba su kai 300,000 ba, alhali samari sun haura miliyan 3.6. Idan ka riƙe waɗannan alƙaluma a ka, tsoffin hotunan sukan sauya fuska. Yarinyar da Allah ya ba ƙarfin jiki da saurin hannu a 1950, a garuruwa da yawa ba ta da ƙungiyar gudu ko ta ƙwallo. Ƙofar da aka bar mata a buɗe ita ce wannan sanda, ita kuma ta shige ta da dukkan ƙarfinta. A 1954 Al Wright, shugaban badujalar Jami'ar Purdue, ya sa wa Juanita Carpenter kaya masu ruwan zinariya ya fito da ita gaba, don ta zama takwarar ɗan wasan ƙwallonsu Len Dawson da ake wa kirari da zinariya. Muƙamin yana nan har yau, ana gadon sa daga ɗaliba zuwa ɗaliba.

Maganar sutura ba abin tsallakewa ba ce. Mai kallo daga ƙasarmu zai fara ganin gajartar siket kafin ya ga sanda, kuma ba zan ce masa bai ga daidai ba. Idan ka jera hotunan bisa shekaru, za ka ga kayan suna raguwa: na 1930 da wani abu sun fi kama da na soja, wasu ma dogon wando ne, na 1960 kuwa sun koma ƙyalƙyali da ƙarancin yadi. Ba yaran ne ke zaɓen wannan ba. Manya ne, masu shirya biki da masu sayar da mujalla da katin gidan waya, waɗanda suka gane abin da ke jawo ido. Ina ganin an ɗora wa 'yan matan nan nauyi biyu, su nuna gwaninta kuma su zama abin kallo, kuma na biyun ya sha danne na farkon a idon jama'a. Amma hoton ƙofar gida daban yake da na bangon mujalla. A na gida, abin da ke fuskar yarinyar alfaharin wanda ya iya abu ne.

Wani abin da jerin hotunan ke nunawa ba tare da ya faɗa ba shi ne launin fata. Galibi rukuni ko dai farare ne zalla, ko baƙaƙe zalla. Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu a 1954, amma a jihohin kudu an ɗauki shekaru ana jan ƙafa. A bazarar 1962 marubuci Terry Southern ya je Jami'ar Misisipi ya ga sansanin koyar da juya sanda da ake yi a harabarta, ya rubuta labarin a mujallar Esquire a 1963. 'Yan watanni bayan ziyarar tasa, a wannan haraba aka yi tarzomar da ta ci rai biyu don kawai baƙar fata ɗaya, James Meredith, zai shiga aji. Su baƙaƙen kuwa ba su zauna jiran a gayyace su ba. A Shikago, jaridar Chicago Defender ta kafa faretin yara na Bud Billiken tun 1929. A Pittsburgh, Charles Harris da ake kira Teenie, mai ɗaukar hoton jaridar Pittsburgh Courier, ya bar hotuna sama da 70,000 na rayuwar unguwarsu, waɗanda gidan tarihi na Carnegie ke riƙe da su yanzu, kuma a cikinsu akwai 'yan mata da sanduna da fararen but suna taku a kan titin unguwa, maƙwabta sun cika baranda. A jami'o'in baƙar fata ne kuma abin ya ɗauki wata hanya: 'yan matan Alcorn da suka fito a Mayami a 1968, da na Jackson a farkon shekarun 1970, sun karkata ga rawa, har aka kai ga ajiye sandar gaba ɗaya.

Jagoran badujala sananne ne a wannan al'umma ta yadda Martin Luther King ya gina huɗuba guda a kansa, ranar 4 ga Fabrairu 1968 a cocin Ebenezer da ke Atlanta, wata biyu cif kafin a harbe shi. Ya ce son shiga gaba a ga mutum yana cikin jinin kowa, kuma bai nemi a kashe wannan so ba, ya nemi a juya shi ga hidima da adalci. An saka muryarsa daga wannan huɗuba a wajen jana'izarsa. Bai buƙaci ya yi wa masu sauraro bayanin wane ne jagoran badujala ba, domin kowa a cocin ya taɓa tsayawa bakin titi ya gan shi ya wuce.

Daga ƙarshen shekarun 1970 sandar ta fara barin titi. An kafa ƙungiyar duniya ta masu juya ta a 1977, aka yi gasar duniya ta farko a Seattle a 1980, kuma 'yan Japan, maza da mata, sun zama cikin waɗanda suka fi kowa. Kyamarar yau tana tsayar da sandar cak a iska har ka ga robar bakinta. Sai dai bayan ɗan wasan bango ne na zauren wasa da teburin alƙalai. Tsoffin hotunan kuwa gari guda ne a bayansu: allon shagon aski, tsoho da ya cire hula, yaro a kan wuyan ubansa, mata sun leƙo ta tagar bene.

Yawancin waɗannan hotuna yanzu a akwatunan 'yan gwanjo ake samun su, bayan masu su sun rasu an watsar da kayan gida, kuma da yawa babu ko suna a bayansu. Masu tara su sun koyi yi musu tambaya. Ƙirar motocin da ke fake a gefen titi tana ba da kimanin shekara. Wasu na shekarun 1950 da 1960 an buga musu wata da shekara a farin gefensu, amma wannan ranar wanki ce, fim kan iya yin watanni a cikin kyamara kafin a kai shi. Idan tutar ƙasa ta shiga hoton, sai a ƙirga taurari: 48 a layi 6 na nufin kafin Yulin 1959, 50 kuwa daga Yulin 1960 ne. Babbar ganga ita ta fi taimako, domin a fatarta ake rubuta sunan makaranta da na gari da manyan baƙaƙe. Idan aka samu gari da shekara, sai a nemi littafin da makarantun Amurka ke bugawa kowace shekara da hotunan ɗalibansu. A nan akan tarar da rukunin masu juya sanda a shafinsu, an jera sunayensu daga hagu zuwa dama, sai a bi fuska ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wadda ake nema.